MUHAMMADU AL-KATSINAWI, MALAMIN TAURARI DA YA RASU A BAƘUNTA

Duk mutumin Arewa da ya daɗe a Kurmi ya san yadda lissafin damina yake rikice masa. A Ikko ko Badun ruwa yakan sauka tun cikin watan Maris, ya yi ta zuba, ya ɗan ɗaga ƙafa a Agusta, sa'an nan ya komo. Amma duk da haka, wanda ya zauna wurin dattawa a Sabo ko Agege bayan sallar lisha yakan ji wani tsoho yana ƙirga wa 'yan'uwansa da yatsu, yana cewa yau a gida Zira'a ke ci, ko kuwa an shiga Nasara, saboda haka an yi nisa da noma. Wani kuwa ba zai ɗaure huhun goro zuwa Arewa ba, ko ya sa ranar auren 'yarsa, sai ya aika an duba masa inda wata ya sauka. Ƙirgar manomin nan da duban mai tafiyar nan duk daga tushe guda suka fito, watau ilmin manazilin wata. Mutumin ƙasar Hausa da sunansa ya fi yin nisa cikin wannan ilmi kuwa shi ma baƙo ne a ƙasar wasu, can ya yi suna, can kuma aka binne shi. Shi ne Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Bafillace, wanda Larabawa suka sani da Al-Kashnawi, watau Bakatsine, wanda ya rasu a birnin Alƙahira cikin shekara ta 1154 ta Hijira, daidai da 1741.

Mafi yawan labarinsa ya zo ne ta hannun Abdurrahman Al-Jabarti, babban marubucin tarihin Masar, wanda ya sa shi cikin manyan malaman da suka rasu a ƙarni na goma sha biyu na Hijira a littafinsa Aja'ibul Asar. Jabarti ya danganta shi da wani gari na ƙasar Katsina mai suna Ɗan Ranko, garin da masu tarihi ke haɗa shi da fataken Wangarawa. Katsina ta wancan zamani kuwa ba ta rasa malamai ba. Ita ce ƙasar Ɗan Marina da Ɗan Masani, ayarin Sahara na sauka a cikinta da littattafai tare da hajja.

Malamansa huɗu aka ambata a ƙasarsu. Akwai Shehu Muhammadul Wali ɗan Sulaimanu na Bagarmi, wanda ya shahara da tauhidi, har ya yi rubutu kan haramcin shan taba. Akwai Malam Hashimu, da Malam Muhammadu Fudu, da Malam Muhammadu Bindu. A hannun Fudu ne Allah Ya fara buɗa masa. Wajen shekara huɗu yana manne da shi, a gida da kan hanya, yana karatun lugga da nahawu da sarfu. Da fari malamin yakan kira shi Mai Muƙama, saboda ya haddace littafin nan na Muƙama ƙwarai da gaske, har in an faɗi kalma guda daga cikinsa sai ya kawo wadda ta gabace ta nan take ba tare da ya yi tunani ba. Wanda ya taɓa fama da wannan littafi a zaure ya san ba ƙaramin abu aka faɗa ba. Da ya gwanance a nahawu sai malamin ya sake masa laƙabi, ya koma kiransa Sibawaihi, sunan shugaban malaman nahawun Larabci.

Yana da wata ɗabi'a da ya riƙa ambata cikin ni'imomin da Allah Ya yi masa: bai taɓa karatu da littafin aro ba. In zai fara littafin da ba shi da shi, sai ya zauna ya kwafe shi da hannunsa tukuna, ya bar fili mai yawa tsakanin layi da layi domin ya sami inda zai rubuta sharhi da abin da ya ji daga bakin malami. In hali ya yi ma har sharhin yakan kwafe gaba ɗaya. A tuna fa lokacin takarda sai ta ƙetaro Sahara a bayan raƙumi.

A wurin Malam Bindu ya karanta usulu da balaga da manɗiƙi, da Alfiyar Iraƙi ta ilmin hadisi, da littattafan tauhidi shida na Sanusi. Ya saurari Buhari, ya karanta wajen kashi uku cikin huɗu na Muhtasar. A wurinsa kuma ya ɗauki hisabi da ilmin lokuta bisa hanyar malaman Magrib, da ilmin haruffa da hatimai. Ya kamata a lura da wannan jeri, domin ana yawan ɗaukar malamin taurari kamar wani mai faifan ƙasa ne a bakin tasha. Wannan mutum sai da ya ƙoshi da fiƙihu da hadisi da nahawu, taurarin suka zo a matsayin fanni guda cikin fannoni.

MENE NE MANAZILI?

Wata yakan kewaye sararin sama, ya komo kusa da tauraron da ya bari, cikin kwana 27 da sulusi. Larabawan dauri suka raba wannan hanya tasa zango 28, kowane zango da tauraro ko tarin taurarin da ake gane shi da su, suka ce kowane dare wata yana sauka a ɗaya, kamar yadda ayari ke yada zango. Masaukin nan shi ne manzil, jam'insa manazil. Mutanen Indiya da na Sin su ma suna da irin wannan rabo tun da daɗewa. Alƙur'ani mai girma ya ambaci manazilin wata a Suratu Yunus da Suratu Yasin, a ta farkon ma ya haɗa su da sanin adadin shekaru da lissafi.

Ita ma rana tana bin wannan hanya, sai dai a shekara take gama ta. Tana yin kwana 13 a kowane manzil, ban da Jabaha inda ake ba ta 14. In an buga 13 sau 27 aka ƙara 14 sai a sami 365 cif. Malaman ƙasar Hausa suka raba su bakwai bakwai bisa yanayin ƙasarsu. Na damina su ne Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabaha da Harsan. Na kaka sun fara daga Sarfa sun tsaya a Ƙalbu, na ɗari daga Shaula zuwa Sa'adul Ahbiya, na bazara kuwa su ne suka ƙare da Surayya da Dabaran. Surayyar nan ba wata ba ce illa Kaza da 'Ya'yanta da kowane yaron ƙauye ya sani. Amfanin wannan lissafi a bayyane yake. Watannin Musulunci suna ja da baya kwana goma sha ɗaya kowace shekara, saboda haka ba su gaya wa manomi lokacin shuka, amma taurari suna tafiya tare da damina da ɗari.

Wannan ita ce ƙirgar tsohon nan na Sabo, ta rana ce, ba ta kuma faɗin kome sai lokaci. Ta mai duba kuwa ta wata ce, kullum dare tana sauyawa, kuma an ɗora mata wani kaya dabam. Masu wannan fanni suka ce kowane manzil da halinsa, wani sa'a, wani nahisa. Sa'adus Su'udi na alheri ne, Dabaran kuwa Larabawa sun daɗe suna camfa shi. In wata ya shiga taurarin Kunama, wajen Ƙalbu da Shaula, sai su hana tafiya da ɗaurin aure. Da yake haruffan Larabci ma 28 ne, sai aka ba kowane manzil harafinsa, kamar yadda mai duba littafin Shamsul Ma'arif da ake dangantawa da Al-Buni zai gani. Daga nan sai aka wuce zaɓen rana aka shiga ɗalasimai, watau a jira wata ya sauka a manzil kaza, a zana hatimi ko sura a takarda ko ƙarfe, a yi turare iri kaza, domin a jawo abu ko a kore shi. Wani tsohon littafi na Andalus, Gayatul Hakim, wanda aka juya shi zuwa harshen mutanen Sifen a 1256 har ya bazu cikin Turai, ya jera aikin kowane manzil. A Surayya ya sa aikin tsirar matafiya a teku da soyayyar miji da mata. A Dabaran, manzil na gaba gare ta, ya sa aikin rushe gini da raba miji da matarsa. Dare guda ne tsakaninsu, kuma alƙalami guda ne ke rubuta duka biyu.

Malaman shari'a ba su taɓa sakin jiki da wannan reshe na biyu ba. Hujjarsu babba ita ce hadisin Hudaibiyya da ke cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim, inda bayan an kwana ana ruwa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rarrabe tsakanin wanda ya jingina ruwan ga falalar Allah da wanda ya jingina shi ga tauraro, ya nuna na biyun ya kafirce wa Ubangijinsa.

HANYAR GABAS

Al-Katsinawi ya faɗa da kansa cewa ba wahala ce ta fitar da shi daga gida ba. Yana zaune lafiya cikin danginsa, cikin wadata da jin daɗi, son ilmi ne ya sa ya musanya wannan da kewa da baƙunta. Ya nemi izinin malaminsa, ya kama hanyar hajji, ya ratsa ƙasashe da dama yana ganawa da sarakunansu da malamansu. A ƙasar Barno ya tsaya wata biyar wurin wani malami, ya karanci ilmin ramli, watau bugun ƙasa, da wasu littattafan hisabi. Ya kuma rubuta labarin tafiyar tasa. Ya yi aikin hajji a shekara ta 1142, watau 1730, ya zauna a Makka.

A gabatarwar babban littafinsa ya ba da labarin wata nasiha da aka yi masa tun kafin ya isa. An gargaɗe shi cewa in ya shiga ƙasashen Gabas, musamman Makka da Madina, kada ya bari kowa ya san yana da wani abu na ilmin haruffa ko na ƙasa, domin mutane suna amfani da su wajen ɓarna da haddasa fitina tsakanin jama'a. Ba maƙiyan fannin ne suka faɗi haka ba, masu ba shi shawara ne don ƙauna. Ya kuwa riƙe nasihar na wani lokaci, ya shiga cikin masu ibada da karatu kamar kowa. Amma irin wannan abu ba ya ɓoyuwa. A ƙarshe dai a Makkan ya ɗauki alƙalami ya fara rubuta littafin da ya sa aka san shi, mai suna Durrul Manzum wa Hulasatus Sirril Maktum, kan ɗalasimai da taurari. Ya tsara shi da gabatarwa da manyan sassa biyar da rufewa, bai gama shi ba sai a Alƙahira cikin watan Rajab na 1146, wajen ƙarshen 1733.

Rabin sunan littafin ya nuna inda ya ɗebo. Taƙaitawa ce da gyara na wani littafi mai suna Sirrul Maktum, wanda ake dangantawa da Fahruddin Ar-Razi mai babban tafsiri, wanda ya rasu a Herat a 1210. Wancan littafi ya tattara abin da mutanen dā suka faɗa kan halayen taurari da buruji, da lokutan yin ɗalasimai, har da yadda masu bautar taurari ke kiransu da turare da azumi. Ya jawo wa Razi magana ba kaɗan ba. Zahabi ya ce sihiri ne tsantsa, Ibn Taimiyya ya yi masa raddi mai zafi, Subki kuwa don ya wanke Razi sai ya ce ƙaga masa littafin aka yi. Ga shi kuwa bayan shekara ɗari biyar wani Bakatsine ya zauna a maƙwabtan Ka'aba yana warware shi. Wanda zai kare shi zai ce malamai da yawa na zamaninsa suna ganin sanin abu dabam ne da aikata shi, kuma ba a gane sihiri a guje shi sai an san kamanninsa. Wanda zai zarge shi zai ce littafi ba ya zaɓen hannun da zai faɗa, kuma shi da kansa ya ji gargaɗin. Maganar ta biyu tana da nauyi, domin abin da ya ƙi faɗa wa mutanen Makka da baki shi ne aka buga a inji a Alƙahira a 1961, kowa da kuɗinsa ya saya.

A GIDAN JABARTI

A Alƙahira ya fara zama a wata unguwa da ake kira Darbul Atrak, kusa da masallacin Azhar. Nan ne Shehu Hasan Al-Jabarti ya same shi. Shi Hasan asalin kakanninsa daga wajen Habasha ne, malamin Hanafiyya ne, gwani kuma a ilmin falaki da kayan awon rana, shi ne ma daga baya ya tsaya kan gyaran ma'aunan kasuwar Alƙahira da suka lalace har ya yi littafi a kansu. Irin wannan mutum, wanda manyan gari ke zuwa ɗaukar karatu a gidansa, shi ne ya durƙusa gaban baƙo daga ƙasar Hausa yana koyon hatimai da lissafin haruffa. Cikin abin da ya karanta a wurinsa har da hatimin gida biyar biyar mai tsakiya a buɗe. Bayan Al-Katsinawi ya sake zuwa hajji ya komo, sai Hasan ya sauke shi a gidansa tare da matarsa da bayinsa, nan ya kammala yawancin littattafansa.

Littafinsa na hatimai shi ne Bahjatul Afaƙ, na shekara ta 1145. Hatimi a asalinsa lissafi ne. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara wanda almajirai ke kira hatimin Gazali: a layin sama 4, 9, 2, a tsakiya 3, 5, 7, a ƙasa 8, 1, 6. Ta ko'ina aka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace, 15 za a samu. Lambobin kusurwa huɗu, 2 da 4 da 6 da 8, in aka mayar da su haruffa su ne ke ba da kalmar nan Buduhu da ake gani a layu. Akwai ƙa'idar sanin jimlar kowane hatimi tun ba a zana shi ba: a buga yawan gidajen gefe guda da kansa, a ƙara ɗaya, a sake bugawa da yawan gidajen gefen, a raba biyu. Mai biyar biyar zai ba da 65, mai tara tara kuwa, wanda masu fannin suka keɓe wa wata, 369. Cika gida 81 ba tare da an maimaita lamba ba, kowane layi kuma ya fito daidai, ba aikin cinta ba ne. Al-Katsinawi ya bayyana hanyoyin cika hatiman da gefensu mara ne, ana tafiya daga gida zuwa gida bisa tsari sananne, kamar tafiyar doki a wasan shaɗaranji, gida biyu gaba ɗaya gefe. Ya gargaɗi ɗalibi kada ya yi fushi ya bari in lissafi ya ƙi, ya sake daga fari har ya fito. Ya kuma hore shi da yin aiki a ɓoye, kada ya watsa asirin ga kowa.

Wani abin da baƙo irinsa ba zai kasa lura da shi ba shi ne lissafin Abajada na gida da na Gabas ba ɗaya ba ne. Haruffa shida sun saɓa. Sin a hanyar Magrib, wadda ƙasar Hausa ke bi, 300 ne, a Masar kuwa 60. Shin a gida 1000 ne, a can 300. Saboda haka sunan Musa in an buga shi a Katsina 356 ne, in an buga shi a Alƙahira 116, mutum guda da hatimi biyu ke nan. Haka nan su kansu taurarin suna gusawa daga lokutan shekara da kusan kwana guda cikin shekara 70 da 'yan kai, har jadawalin da aka rubuta shekara dubu da ta wuce ya kauce da wajen mako biyu. Ga manomi wannan gyara ne kawai, ya dubi sama ya daidaita. Mai cewa daren kaza ne kaɗai aikinsa ke ci shi ne ke da tambayar amsawa.

Bai bar sauran fannoni ba. Yana da waƙar manɗiƙi mai suna Minahul Ƙuddus, wadda ya yi wa sharhi mai kauri da kansa, yana kuma da littafin nahawu mai suna Bulugul Arab.

A gidan Hasan ajali ya same shi a 1741. Kafin ya cika ya sa Hasan ya zama wasiyyinsa kan dukiyarsa da littattafansa. Hasan ya binne shi a Bustanul Ulama, cikin maƙabartar Mujawirin inda ake kai malaman Azhar, ya gina kabarin, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa a kai. Allah Ya jiƙansa. Shi Abdurrahman ɗan Hasan, wanda ya adana wannan labari duka, bai taɓa ganinsa ba, sai bayan shekara goma sha biyu ko sha uku da rasuwarsa aka haife shi. Ya tashi ne ya tarar da sunan baƙon a bakin mahaifinsa. Ya rufe tarihinsa da wasu baitoci biyu da ya ce daga bakin malamin suke, na kukan rashin matabbata da wahalar da buri ke jawo wa mutum.

A gida kuwa iska ta juya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754, ya lissafa masu da'awar sanin gaibu ta bugun ƙasa ko halin taurari cikin waɗanda ya yi wa hukunci mai tsanani a littafinsa Nurul Albab. Amma lissafin haruffa bai fita daga zaure ba, malaman jihadi da 'ya'yansu sun ci gaba da rufe waƙoƙinsu da ramzi don nuna shekara, manoma kuma suka ci gaba da ƙirga Haƙ'a da Han'a.

A Kurmi aka sake tono sunansa. A 1967 Malam Hassan Ibrahim Gwarzo, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Kano, ya buga wani nazari kan lissafin ramzi na Al-Katsinawi a mujallar cibiyar adana rubuce-rubucen Larabci ta Jami'ar Badun. A 1973 wata malamar lissafi ta Amurka, Claudia Zaslavsky, ta sa hatimansa cikin littafinta kan lissafin mutanen Afirka, daga nan malaman makarantun boko na ƙasashe da dama suka fara koya wa yara su a darasin lissafi, ba turare ba jiran wata. Kofe guda na Bahjatul Afaƙ, rubutun hannu, yana ajiye a ɗakin karatu na makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan.